Mai Hoton da Ya Roƙe Ni Kada In Gyara Famfo

"Mai gareji, famfon nan na bayan katangarka da ke yoyo, kada ka gyara shi."

"To, in na bar shi fa?"

"Duk direbanka da ke son hoton takardar ƙetare iyaka ya zo in ɗauke shi. Ba zan karɓi komai ba."

Na dube shi sama da ƙasa. Na ga mutane iri-iri a harkar mota, amma ban taɓa ganin wanda zai yi mini aiki don in ƙi yin gyara ba. Na miƙa masa hannu da sauri kafin hankalinsa ya dawo. Shekara ashirin da shida ke nan.

Mai hoto ne, da ɗan shagonsa kusa da shingen iyaka: farin ƙyalle a bango, kujera guda mai gurguwar ƙafa. Direbobi suka sa masa suna Mai Tsuntsaye. Daga garejina zuwa tafiyar yini biyu babu ruwa a fili sai wannan ɗigon, da ya taru ya zama ɗan kududdufi a gindin wata itaciyar ƙaya. Kullum da sassafe yana can, ya lulluɓa da tsohon buhu, kyamara a gwiwa, ko ƙuda ya sauka a hancinsa ba ya kora. Riga ɗaya mai ruwan ƙasa yake sawa, wai ita tsuntsayen suka sani. Kurciya, tsattsewa, shamuwa, da wasu ƙanana masu launi da suka ratso hamada, su faɗo a galabaice kamar fasinjojin da mota ta mutu da su a hanya.

Wani sabon jami'i ya taɓa ƙwace kyamarar, wai leƙen asiri. Ya duba ya duba, bai ga ko takalmin soja ba.

"Malam, waɗannan baƙin naka, ina takardunsu?"

"Ranka ya daɗe, tambaye su. Ni ma ba su nuna mini ba."

Hoton shamuwar da ke ofishinsu har yau, a ranar jami'in ya roƙe shi. Da mai facin tayarmu ya rasu, aka nemi hotonsa aka rasa. Sai ga Mai Tsuntsaye da ambulan: ga marigayin a duƙe kan taya, yana dariya da gefen baki. Matarsa ta riƙe hoton a ƙirjinta. Ashe duk ya ɗauke mu muna bakin aiki, mu muna ta yi masa tsiya.

Shekara uku da suka wuce ya tafi asibiti aikin ido. Ni kuma motoci sun yi mini yawa. Na sa aka gyara famfon, aka sare itaciyar, aka malale wurin da siminti. Na ce ai tsuntsu yana da fiffike, zai nemi wani wuri. Ya dawo da buhunsa a hammata, ya daɗe tsaye a kan simintin, ya ce, "Aiki ya yi kyau." Washegari direbana ya je ɗaukar hoto, ya ɗauke shi kamar kullum, bai karɓi komai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bara na sa aka fasa simintin, na kwance famfon da hannuna. Wata tara, hankaka biyu kawai na gani. Ya ce, "Bar shi ya yi ta ɗiga. Sai sun gaya wa juna, kuma ba sa gaggawa." Idonsa ne ya yi gaggawar. Makon nan zai rufe shagon, 'yarsa ta zo ɗaukarsa.

Mai Tsuntsaye, kai ne ka nuna mana cewa wannan wurin da kowa ke wucewa a guje yana da abin kallo. Mai haƙurin zama, na gode, kuma ka yafe mini. Ku da kuka rage a nan, wanda ke da tsohon kwano ya zuba ruwa ya ajiye a inuwa, ya koyi zama shiru.

In ana maganar riba, ni na samu wurin ajiye mota huɗu, na kuma fasa shi. Direbobi sun samu hotuna, hankaki sun samu ruwa. Shi ne ya cika alkawari har ƙarshe, shi ne kuma ko tsuntsayen sun dawo ba zai gan su ba.