Malam Mai Duwatsu da Ɗalibai Tara

Shekara ashirin da shida Malam Mai Duwatsu ya yi yana koyar da sababbin ɗalibai ilimin duwatsu a jami'a. A da, har kan taga ake zama. Bana mutum tara suka yi rajista. Laifin duk ya ɗora wa shugaban sashe, tsohon ɗalibinsa, da ya mayar da darasin na ganin dama.

Ran da shugaban ya zo karɓar makullin ajin saboda ƙarancin ɗalibai, Malam ko miƙewa bai yi ba.

"Malam, a yi haƙuri, kujeru kuke koya wa karatu."

"Ai kai ma kujerar ce, ga ka shugaba."

Ya wurga masa makullin a ƙasa. Har Malam ya yi ritaya ba su ƙara gaisawa ba.