Waƙar Dattijo Mai Rufe Tagogi

A bazarar da za mu rubuta jarrabawar gama sakandare, ni da taubashiyata a ɗakin Kaka muke kwana, a gidanmu na Yakasai. Ita 'yar goggona ce, Kaka ta karɓi riƙonta tun daga yaye. Ajinmu ɗaya, kuma dukkanmu mun zaɓi adabin Turanci. Ita ta zaɓe shi ne don tana son zama lauya. Ni kuwa an ce mini darasin karanta labarai ne, na ce to ai an zo gidana.

A lokacin babu littafin soyayyar da zai shigo wurin mai haya na bakin titi ban karanta shi ba. Na san ƙa'idarsu. Duk wahalar da yarinya za ta sha a kashi na ɗaya da na biyu, a na uku za a shafa mata lalle. In ta kwanta ciwo, to likita ne saurayi zai shigo da fararen kaya da ƙamshin turare. Da wannan zuciyar na buɗe littattafan Turawan da aka ɗora mana, sai na tarar da wata duniya mai sanyi, gidaje manya babu hasken rana, kowa fuska a murtuke. Mutum ya yi tari a farkon labari, ka tabbata ba da shi za a ƙarasa ba.

"Su waɗannan ba sa biki ne?" na tambaye ta wata rana.

"Suna yi mana. Ke dai ba a gayyace ki ba ne, uwar 'yan soyayya."

Cikin waƙoƙin da aka ce mu yi bita akwai wata doguwa, ta wani dattijo da ke zagaya gidansa da yamma yana rufe tagogi ɗaya bayan ɗaya, saboda dusar ƙanƙara na tafe. Kowane baiti taga ɗaya ce, kuma kafin ya rufe sai ya leƙa ya faɗi abin da ya hango. Malaminmu ya ce maganar tsufa da mutuwa ake yi. Ni ban yarda ba. Na ce masoyiyarsa ce ta tafi, yana leƙen ko za ta dawo. Taubashiyata ta ce in na rubuta haka ranar jarrabawa, mai duba takardar sai ya nemo gidanmu ya kawo mini sadaka.

Mun yanke shawarar haddace ta gaba ɗaya, don mu riƙa kawo hujja daga cikinta. Hanyar hadda ɗaya muka sani, wadda muka taso da ita a Islamiyya. Mukan hau saman soro bayan la'asar mu zauna muna fuskantar juna, ta ja layi ɗaya, in karɓa da na biye, ta karɓe, har ƙarshe. Wadda ta kakare, ita ce da wanke-wanken dare. Taubashiyata tana da wata ɗabi'a: in na manta layina ba za ta taɓa tuna mini ba. Sai ta maimaita nata, ta tsaya, ta sake maimaitawa, ta tsare ni da ido. Ta fi son mu kwana a nan da mu tsallake layi.

Kaka tana jin mu daga tsakar gida. Ita jinin malamai ce, kakanninta daga Barno suka zo da allunansu, kuma ba ta ɗaukar hadda da wasa. Wata rana muna saukowa ta ajiye carbinta ta kira mu.

"Ku zo nan, ja'irai. Wannan abin da kuke rangaji a kansa kamar masu tilawa, mene ne a ciki?"

Na fassara mata daidai gwargwado, har na ƙara masa gishirin soyayya. Ta saurara har na gama.

"Wato tsoho ne yana rufe gida."

"Shi ke nan, Kaka," in ji taubashiyata. "Irinki ne, sai dai shi Bature ne."

Kaka ba ta yi dariya ba, ita da ba a raba ta da zolayar jikoki. Ta ce, "Karatu ku yi abinku, ban hana ba. Amma abin da aka zuba a ƙirji daban yake da abin da aka bari a takarda. Harshe bawan sabo ne. Ranar da hankali ya gushe, abin da ya saba shi zai kama. Na zauna a kan wata mai koda, mai awon hatsi, tana gargara, ana laƙƙana mata kalmar shahada, ita kuwa mudu take ƙirgawa har rai ya yi halinsa."

Taubashiyata ta ce, "Kaka, mu da ko aure ba mu yi ba."

"Mutuwa ba ta tambayar wannan," in ji Kaka, ta ɗauki carbinta.

Zafin shekarar ba na wasa ba ne. Katangun ƙasa sukan sha rana wuni guda, da dare su amayar da ita a kanmu. Hadari yakan haɗu ta gabas, ya yi baƙi har mu fara kwashe shanya, sai iska ta watsa shi ba ɗigo. Daga nan aka fara jin sanƙarau ya shigo unguwannin cikin gari. Lasifikar masallacin unguwa ta riƙa sanar da jana'iza a lokutan da ba na salla ba. Lungunmu matsattse ne, in an taho da makara dole mai wucewa ya manne da bango. Daga saman soro muna iya ganin ta tana tafe a kan kafaɗu, kuma na lura wasu ba su cika tsawon makarar ba. In ta gifta mukan yi shiru, mu yi addu'a, sannan taubashiyata ta ja layinta daga inda muka tsaya.

Ranar da abin ya fara, tun dawowarmu daga makaranta ta ce kanta na sarawa. Duk da haka ta hau soro, sai dai ta juya wa rana baya ta rufe ido da gefen hijabi. Na ce mata a littattafanmu wannan ciwon suna gare shi, ta faɗa mini ko wane ne. Ta yi murmushi kaɗan ta ce in ja layi. Mun kai baiti na huɗu, inda dattijon ya zo tagar da ke kallon hanya, sai ta ce mu sauka, wuyanta ya riƙe.

Kaka na jin maganar wuya ta miƙe. Ta taɓa goshinta, ta ce ta sunkuyar da kai haɓarta ta taɓa ƙirji. Ta kasa. Ban taɓa ganin Kaka ta fita zaure ba mayafi ba sai ranar. Ta ƙwala wa Baffa kira, ƙanin mahaifina, da yake shi kaɗai ne namiji a gida a lokacin. A-daidaita-sahu ba ya shiga lungunmu, don haka a baya Baffa ya goya ta har bakin titi, ƙafafunta na reto, mutane na mannewa da bango suna ba su hanya.

Aka kwantar da ita a asibiti, aka sa mata ƙarin ruwa da allurai. Mu 'yan gida aka duba mu aka ba mu magani. Goggo, mahaifiyarta, tana aure a wani gari mai nisa, an yi mata waya tana neman mota. Kaka ce ta zauna jinya. Ni aka ce in zauna a gida in yi karatuna. Na buɗe littafin waƙoƙin, na kasa wuce baiti na huɗu. Rabin waƙar kawai na iya, layukana. Sauran suna bakinta.

Da la'asar ɗin kwana na uku Baffa ya shigo gida ya ce in sa hijabi. A hanya bai ce mini komai ba sai da muka wuce Ƙofar Nassarawa.

"Tun safe take sambatu da Turanci," ya ce. "Ni nawa Turancin na kasuwa ne, ban gane ba. Kakarku ta ce a zo da ke."

Aka ba ni takunkumi na ɗaura a hanci. Ɗakin dogo ne, fanka na juyawa a hankali ba ta kawo iska. Likitan da na gani dattijuwa ce mai gajiyayyun idanu, ta yi magana da Baffa a gefe, na ga ya sunkuyar da kai. Taubashiyata na kwance a gadon ƙarshe, kanta ya ɗan karkata baya, leɓɓanta sun bushe. Idonta a buɗe yake amma ba kowa take kallo ba. Kaka na durƙushe daidai kunnenta.

"La'ilaha illallahu," in ji Kaka a hankali. "Faɗi, 'yar nan. La'ilaha illallahu."

Sai taubashiyata ta buɗe baki ta yi magana, muryarta a shaƙe amma kalmomin tar suke. Ta yi shiru. Ta sake faɗar abin da ta faɗa. Hannunta yana damƙar zanin gado yana saki.

Kaka ta riƙe wuyan hannuna. "Me take cewa? Addu'a ce?"

"Waƙar nan ce, Kaka. Ta dattijo."

"Innalillahi." Ta rufe ido. "Tun hantsi nake bin ta da kalma. Abu ɗaya take ta nanatawa."

Na saurara da ta sake faɗa. Layin farko ne na baiti na huɗu, inda muka tsaya a saman soro. Tana faɗa, ta tsaya, ta jira.

"Kaka, ni take jira. Nawa ne na biye. Ba za ta wuce ba sai an ba ta."

"Ki ƙara mata? A wannan halin? Ina ƙoƙarin fitar da shi daga bakinta, ke ki zuba wani?"

"Kin san halinta. Ba ta barin abu a rabi."

"In ran ya fita a tsakiya fa? Ke za ki amsa?"

Baffa ya matso ya ce, "Inna, ki bar ta ta gwada. Tun safe ba ta ji ki ba." Kaka ba ta dube shi ba. Numfashin taubashiyata ya fara yin wani irin ja, sai ya tsaya, sai ya dawo. Ta sake faɗar layin, wannan karon da kyar.

"Saura nawa?" in ji Kaka.

"Baiti uku."

"Yi sauri."

Na sunkuya na faɗi layina ta cikin takunkumi. Shiru. Na ɗauka ba ta ji ba. Sai hannunta ya saki zanin gadon, ta kawo na gaba. Na karɓa. Ta karɓe. Tsakanin kowane layi nata sai ta daɗe, ni kuma ina kallon ƙirjinta ina jiran ya ɗaga. Farcen Kaka na nutsewa a hannuna, bakinta na motsi da nata karatun. Dattijon ya rufe tagar hanya, ya rufe ta lambu. A baitin ƙarshe kaina ya ɗauke ɗif, layina ya ɓace. Ta maimaita nata. Ta sake maimaitawa. Na runtse ido na hango shafin, gefen hagu, ƙasan inda miya ta taɓa ɗiga, sai ga shi ya dawo. Na faɗa. Layin ƙarshe nata ne, ta ja shi har ƙarshensa, ta saki numfashi mai tsawo.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Kaka ta ture ni gefe da kafaɗa ta kai bakinta kunnenta.

"La'ilaha illallahu."

Ta faɗi layi ke nan, ta tsaya, ta jira. Na ƙirga bugun zuciyata har na daina ƙirgawa. Sai leɓɓan suka motsa.

"Muhammadur Rasulullah."

"A'a, daga farko, ja'ira," in ji Kaka. "Duka za ki faɗa." Ta sake ja mata, ita kuma ta bi ta kalma bayan kalma har ta cika. Ni na ji, Baffa ya ji, matar da ke jinya a gadon kusa ma ta ce ta ji.

Ba ta ƙara magana ba. Goggo ta iso da magariba ta same ta tana numfashi, ta zauna da ita. Washegari kafin azahar ta cika.

A zaman makoki mata suka cika tsakar gida har bakin rijiya. Duk wadda ta shigo, bayan gaisuwa da ya haƙuri, sai ta rage murya ta tambayi Kaka ko yarinyar ta samu kalma. Ina zaune a bayanta ina jin amsar da take ba kowace ɗaya.

"Ta samu," take cewa. "Da bakinta, cikakkiya."

Can ta waiwayo ta ce in tashi in kawo wa baƙi ruwa, in kuma zuba wa kaina abinci, tun jiya ba ta ga na ci komai ba.