Zoben da Ya Ƙi Fita a Landan

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zai kwashe ranar da maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya tashi yi wa wani likita Bature kyautar zobe a Landan ba.

Lokacin ne kuɗin man fetur suka haukata maza. Alhaji ya samu kwangilar siminti, ya yi mota, ya yi tumbi, ya yi fadawa. Sai kawunan yatsunsa suka soma kumbura kamar gular kaɗa ganga, faratan suka lanƙwashe kamar bayan cokali, suna ƙyalli. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Babban bafadensa, wani mai bakin zuma, ya ce, "Ranka ya daɗe, yatsun arziki ke nan, talaka ba ya yin su." Shi ke nan fa! Alhaji ya sa aka ƙera masa ƙaton zoben azurfa, ko gaisawa zai yi sai ya baje hannu kamar mai shanya kuɓewa. Na ce, "Alhaji, wannan tari fa, da tabar nan?" Ya ce, "Hajiya, ƙurar siminti ce, ki ji da girkinki."

A wancan zamani duk mai kuɗin da bai kai matarsa Landan duba lafiya ba, bai cika ba. Ni da nake daka gero ban haki, ni aka ɗauko a matsayin majinyaciya. Har da bafaden a jirgi, wai riƙon jaka. Muka sauka wajen ƙanen Alhaji da ke karatu a unguwar Bloomsbury, shi ne tafintanmu.

Likita ya auna ni sama da ƙasa, ya ce garau nake. Ai na sani. Da za mu fita Alhaji ya miƙa masa hannu, sai Bature ya riƙe hannun ya ƙi saki, yana jujjuya shi, yana ƙura masa ido. Bafade ya washe baki, "Allahu Akbar! Ranka ya daɗe, har Turawa sun shaida!"

To kun san manya, in ka yaba abinsu, ya zama naka. Alhaji ya ce wa ƙanensa, "Gaya masa na ba shi zoben." Ya kama ja. Ashe kumburin ya ƙaru, zobe ya zo kan yatsa ya cije. Ya murɗa, ya sa yawu, bafade ya kama masa, rawani ya karkace, gumi ya karyo cikin sanyin nan. Ni kuwa na ja mayafi na rufe baki.

Sai ƙanen ya ce, "Yaya, ba zoben yake kallo ba. Yana tambaya yaushe yatsun suka zama haka, kuma kana tari?"

Likita ya sa shi ya haɗa bayan farce da bayan farce, ya ce a lafiyayyen hannu akan ga 'yar kafa a tsakani. Na Alhaji sun manne ɗam. Ya ce irin wannan sau da yawa daga huhu ko zuciya yake tasowa, a ɗauki hoton ƙirji yau, ba gobe ba. Dariya ta ɗauke mini.

Ashe ƙari ne a huhu. Aka yanke masa ɓangare guda, zoben kuma wata nas ta datse shi da ɗan almakashin ƙarfe ta ba ni a takarda. Ni da aka kawo jinya na koma mai jinya. Bafade fa? Kafin a sallame mu ya cika jaka da agoguna ya bi jirgi. Alhaji ya tashi, har ya goya jikoki, amma bai ƙara baje wa kowa hannu ba.

Gutsuren zoben yana nan cikin adakata. Tun daga ranar, in jikin mutum ya sake kama, ko ba ya ciwo, cewa nake ya tafi asibiti, kada ya tambayi wanda ke cin tuwo a gidansa.