Turmina a Gidan Maƙwabta

'Yar farina ce, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, ban kuma taɓa yabonta a gabanta ba. "Ke" nake ce mata, ita kuma ta tashi tana ce mini Adda, kamar yadda ƙannena suke kirana.

A hutunta na shekarar ƙarshe a jami'a ta dawo gidanmu na Dawaki da ƙullin alimun daga Kasuwar Gombe, irin wanda muke jefawa a randa idan ruwa ya zo da laka. Ta narkar da shi a ruwan zafi, ta zuba a kwalba, ta rataya 'yar ƙwayar alimun guda da zare a ciki, ta ajiye a kan kantar kicin. Wai malaminsu ya ce duk mai son shiga ɗakin bincikensa ya fara kawo kiristal, wato dunƙule mai kama da gilashi, guda mai tsabta da ya raina da hannunsa. Tun tana aji ɗaya take mafarkin ɗakin nan.

Ina tsince shinkafa na ji tana yi wa babanta bayani. Ta ce a can suna nazarin wasu sinadarai ne da ƙwayoyinsu suke jeruwa kamar sahun salla, kowace ta kama ta kusa da ita. Idan aka sanyaya su sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa, sai ilektron, 'yan mitsitsin da ke ɗauke da lantarki, su riƙa tafiya bibbiyu a tsakanin sahun, wutar lantarki ta wuce ba ta rasa komai a hanya.

"To a kawo mana sanyin nan Gombe mana," in ji babanta. "Mu da zafi ya ishe mu, wutar ma babu."

Suka yi dariya. Ni kuwa tasbihi na yi a zuci. Kimiyyar da na yi a sakandare ba ta kai nan ba. Abin da ido ba ya gani ma an tsara masa sahu!

Amma kwalbar ta ƙi. Kullum maimakon ta jikin zaren ta girma, sai tsakuwoyi su cika gindinta, ta zubar ta sake. Har ta rame.

Wata safiya ina dakan yaji a ƙofar kicin na ɗaga kai. Duk saukar taɓarya sai ruwan kwalbar ya yi rawa, zaren ya motsa. Na juya, na ga tana tsaye tana kallon kwalbar, tana ganina ta sunkuyar da kai. Ashe ta sani tuntuni. Kunya ce ta hana ta ce wa uwarta ta daina daka.

Da la'asar na mirgina turmin zuwa gidan maƙwabciyata, wata malamar firamare 'yar Billiri.

"Maman yara, lafiya? Ko mai gidan ya kore ku ke da turmin?"

"Wurinki ya fi inuwa," na ce.

"Inuwar me? Gwandar nan guda?"

Har hutun ya ƙare a can nake daka, rana na dukan ƙeyata, ita kuma tana tsokanata.

Ranar komawarta na idar da walaha na tarar da kiristal ɗin a kan dardumata, nannaɗe a auduga. Girman ɗan dabino, fuskokinsa santsi kamar an goge, haske na ratsa shi. Na daɗe ina juya shi a tafin hannu. Ba wanda ya sassaƙa shi, natsuwa kawai aka ba shi.

Tana bakin ƙofa da jakarta.

"Adda, ya yi?"

Na miƙa mata ba tare da na dube ta ba.

"Ke, riƙe shi da kyau a mota. Hanyar nan akwai gargada."