Hadijatu Mai Ɓawo

A Yashe in ka ce Hadijatu za a tambaye ka wacce, amma in ka ce Mai Ɓawo, ko baƙon jiya zai nuna maka gidan. Matar Ɗanmaliki mahauci ce, shekara talatin da ɗoriya tana dafa ragadadar sayarwa. Ba ta da tsoro, ta taɓa kashe kububuwa da taɓarya. Abu ɗaya ke kaɗa mata hanji, alhakin dabba, wadda ba ta da bakin kai ƙara. Tun tana ƙarama ta ji a wa'azi cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, maganar kuwa ba ta taɓa fita ranta ba.

Sai ga shi ita ma ta kulle kyanwa. Bayan kaka maƙwabta suka zuba maganin ɓera a gindin rumbuna, kyanwoyi biyu suka mutu a unguwar. Hadijatu ta ɗauki tata, Lami, wadda ta tsinta wata Alhamis, ta rufe a ɗaki, ga kyanwar da ciki. Don kada Allah ya kama ta da yunwar dabba, sai ta shiga yi mata gata, hanta da tsoka zalla, safe da yamma. Ko kifi ne sai ta zauna ta tsince ƙayar tas. Ɗanmaliki ya ce, "Ni da ke yankan ma ban cin haka."

Sati biyu da Lami ta haifi 'ya'ya huɗu, da hantsi, Hadijatu ta tarar da ita kwance, ƙafafu a sandare, jiki na karkarwa, tana haki baki buɗe. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce iska ce, a yi mata hayaƙi. Hadijatu ba iska take tsoro ba. Ƙofar take kallo, wadda ita ta danna wa sakata da hannunta.

Ta sa kyanwar a kwando, ta hau acaɓa sai asibitin dabbobi na Kankia. Duk hanya tafinta na kan haƙarƙarin Lami, bakinta na istigfari. In suka faɗa rami sai ta ji kamar numfashin ya tsaya.

Harisu malamin dabbobi ya fi sabawa da shanu da tumaki, amma bai yi mata dariya ba. Ya duba kyanwar, ya ce, "Inna, mi kike ba ta?"

"Hanta da tsoka, ɗan nan. Wallahi ko ƙashi guda ban bari ta ci ba."

"To, nan gizo ke saƙar. Kyanwa mai yawo tana cin ɓera da ƙashinshi, a ƙashin nan take samun sinadarin kalsiyam. Tsoka zalla ba ta wadatar da ita. Ɗan abin da ya rage a jikinta kuma ɗiyan sun tsotse."

Hadijatu ta ce, "Ke nan ni na kashe ta?"

"Ba ta mutu ba tukuna, Inna."

Ya yi wa Lami allura sannu a hankali. Hadijatu ta tsuguna a bakin ƙofa, ta kasa kallo, ta kasa kau da kai. Ana kiran azahar karkarwar ta lafa, Hadijatu ta matso, Lami ta ɗaga kai ta lashi hannunta. Nan Hadijatu ta fashe da kuka. Harisu ya koya mata ta riƙa tafasa ɓawon ƙwai, ta shanya, ta daka lilis, ta barbaɗa ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka a abincin kyanwar.

Da ta koma gida, ko ruwa ba ta sha ba sai da ta sa Ɗanmaliki ya ɓalle sakatar nan. Ta bi maƙwabta gida-gida tana roƙon su koma ɗana tarko. Tun daga ranar kuma kullum da safe za ka gan ta da 'yar roba a teburin Gajere mai shayi tana tattara ɓawo, sunan ya bi ta.

In ana tsokanarta takan ce, "Ku ƙyale ni. Da hanta na kusa kashe baiwar Allah da yunwa, kuma duk lokacin nan ina ganin lada nike samu."