Baba Zibrim, Mai Sauraron Sifirin Bindiga

Kowace safiya, idan ya idar da sallah ya sha kokonsa, Baba Zibrim yakan hau kekensa zuwa ɗakin ajiyar makamai na 'yan sanda a Bawku. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya jera sifirin bindigogi, wato murɗaɗɗun ƙarafan nan da ke cikinsu, ya riƙa matsa su ɗaya bayan ɗaya kusa da kunnensa. Idan abokan aiki suka yi dariya, sai ya ce, "Ƙarfe ma yana gajiya, bakin faɗi ne ba shi da shi."

Shekara talatin da biyu ke nan yana wannan aiki, daga Salaga zuwa Yendi, daga Yendi zuwa nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye.

A Yendi ne ya haɗu da Sumaiya, 'yar sanda mai ƙaramin jiki, wadda sau biyu ta faɗi jarrabawar harbi. Bindigar tana shurinta har kafaɗa ta kumbura, tana kuma cijewa bayan harbi uku. Babban ofisa ya ce in ta sake faɗuwa, sai ta ajiye kaki. Ita ce kuwa ke ciyar da mahaifiyarta.

Baba Zibrim ya tarar da ita a gindin darbejiya tana share hawaye.

"'Yata, miƙo mini bindigar nan."

"Baba, ni ce ban iya ba."

"Miƙo dai."

Ya kwance ta, ya ga sifirin ya saki, ɗan ƙarfen da ke tare shurin kuma bai kai nauyin da ya kamata ba. Ya shafe yini yana gwadawa yana canzawa, har ya sami waɗanda suka dace da juna. Sannan ya je ya tsaya gaban ofisa, shi da ba ya son magana.

"Masa, ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ta faɗi ba. Bindiga ce ta faɗi. A ba ta dama ɗaya."

Aka ba ta, ta ci.

Bayan shekara shida, Sumaiya, wadda ita ma aka mayar Bawku, tana rakiyar motar mata 'yan kasuwa daga Bawku zuwa Tempane, 'yan fashi suka tare hanya da rana tsaka. Ta harba sama sau biyar a jere, bindigar ba ta cije ba, suka watse cikin daji. Mata goma sha tara suka kwana a gidajensu. Da labarin ya iso masa, Baba Zibrim ya zauna a kan benci. "Alhamdulillahi," ya ce. "Ba a taɓa ran kowa ba?" Aka ce ko ɗaya. Sai a lokacin ya iya shan ruwa.

Baba, kai ne wanda ba a kira sunansa a fareti ba. Kai ne ka ƙi sa hannu a kan bindigar da zuciyarka ba ta kwanta da ita ba, ko da manya suna gaggawa. Gwani, mijin Fuseina, mun gode. Allah Ya ba ka hutu mai albarka, Ya sa ka ga jikokin jikoki.

Ku kuma masu tasowa, idan aka ce wani ya kasa, kafin ku yanke masa hukunci, ku fara duba abin da aka danƙa masa a hannu.