Rodin da Na Kafa a Dutsen Zuma

Bayan garinmu, ta wajen Dauran, akwai wani dutse da ya miƙe tsaye kamar bango. Can kusa da kansa akwai tsaga inda ƙudan zuma suka zauna tun kafin a haifi mahaifinmu. A zamaninmu mutum ɗaya ne ke iya kaiwa wurin, shi ne yayana. Ba igiya, ba tsani, ba takalmi. Akwai wasu 'yan ramuka a jikin dutsen inda yake cusa yatsu, mahaifinmu ne ya nuna masa su ɗaya bayan ɗaya, shi ma haka aka nuna masa. Sau ɗaya a shekara yake hawa, da sanyin safiya, da busasshen kashin shanu yana hayaƙi a gwangwani. Rabin saƙar yake yankowa, ya bar wa ƙudan rabi. In ya sauko, kowane gida a unguwa sai ya samu ko cokali uku ne, saboda masu tari da masu jego.

Ni kuwa tsoron tsayi gare ni, girman kai kuma ya hana ni faɗa. Sau biyu yana kira na ya koya mini, sau biyu ina saukowa in ce ƙaya na taka. Daga baya na tafi Kaura na koyi walda, na dawo ina ganin duk abin da ba a sa wa ƙarfe ba ƙauyanci ne.

Wata rana muna tsinkar gyaɗa a gonarsa na kawo maganar.

"Yaya, ka bari in kafa rodi jikin dutsen ga, shi zan kamar tsani. Shekaru na tahiya, wata rana hannu na iya kuɓuce ma."

"Ran da hannu ya hwara kuɓucewa, kai za ka hau. Don haka nike kiran ka."

"In da rodi ai kowa na iya hawa."

"To abin da nike gudu ke nan," in ji shi, ya ci gaba da tsinkarsa.

Mun yi wata guda muna ja. Hujjata ba ƙarya ba ce, yana da iyali, faɗuwa ɗaya ta isa. Amma a ƙasan zuciyata ba tsoron faɗuwarsa ne ya dame ni ba. So nake a ce ni ma na kai.

Da ya tafi Galadi jinyar surukinsa, sai na ɗauko guduma da guntayen rodi da siminti. Duk inda na ga wuri mai sauƙin huda na huda, na cusa ƙarfe, na liƙe. In ya bushe in taka shi in kafa na sama. Kwana goma sha biyu na yi. Ranar da na kai tsagar har ihu na yi, ƙudan suka ba ni tukuici a leɓe, na kwana uku ba na iya shan koko. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni dutse na hau, kuma ban ga komai ba.

Da ya dawo ya je ya tsaya gindin dutsen ya daɗe yana kallo. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Kafin damina ta faɗi kowa ya zama gwani. Wasu suka hau da tsohuwar taya suka cinna wa tsagar, suka kwashe saƙar kakaf har da 'ya'yan. Ƙudan da suka tsira suka tashi. Yayana bai sake taka dutsen ba, ni kuma kunya ta mayar da ni Kaura.

Shekaru sun ja kafin na koma da zarto na yanke rodin duka, daga sama zuwa ƙasa. Bara aka aiko mini cewa ƙudan sun dawo. Yayana yanzu yanar ido ta rufe masa gani, sai an ja shi. Na je na durƙusa na ce na shirya, ya koya mini. Ya yi dariya, ya ce a kai shi.

Na shimfiɗa masa tabarma gindin dutsen, na tuɓe takalmi. Bai manta ko taku ɗaya ba. Ƙafar hagu nan, in ji shi, jingina ƙirji, kar ka dubi ƙasa. Na haura tsawon mutum guda.

"Yanzu ɗaga hannun dama sama da kai. Akwai rami nan, yatsa uku na shiga."

Na miƙa hannu na lalluba. Sumul. Wurin da ya fi sauƙin huda ashe shi ne ramin, ni da kaina na cika shi. Na ɗaga kai, duk inda hannu zai kama tabon siminti ne, jere har sama.

"Ka same shi?"

"Yaya, siminti ne."

Can sama ina jin kukan ƙudan.

"To sauko sannu," ya ce. "Kar ka hwaɗi."